Nauyin mol na iskar naitirojin: me ya sa 28 ne, ba 14 ba?

Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Agege ta aiko da tambaya. A gwajin da aka yi musu an ce su faɗi nauyin mol ɗaya na iskar naitirojin. Ta rubuta giram 14 kamar yadda ta gani a jadawalin sinadarai, malaminsu ya soke ya rubuta mata 28. Daga baya kuma, a wata tambayar da ita ma ta shafi naitirojin, sai ta ga amsar da aka karɓa 14 ce. Tana so ta san wanne ne daidai da yadda ake lissafin, tun kafin jarabawar WAEC ta riske ta.

'Yata, malaminku bai zalunce ki ba. Nauyin mol ɗaya na iskar naitirojin giram 28 ne. Sha huɗun da kika gani a jadawali ita ma gaskiya ce, sai dai ba ta iskar ba ce, ta atam guda ɗaya ce. Lissafin kansa layi biyu ne kacal:

Iskar naitirojin = N₂
Nauyin mol = 2 × 14 = 28 g/mol

Mai son bin diddigi zai ɗauki 14.007 ya ninka biyu ya samu 28.014. A WAEC da NECO da JAMB galibi za a rubuta miki N = 14 a ƙarshen tambaya, don haka 28 ta wadatar. Amma ki lura da wannan N = 14 ɗin da suke bayarwa: nauyin atam suka ba ki, ba su ba ki amsa ba. Sun bar miki aikin sanin atam nawa ne a cikin abin da ake tambaya, kuma wannan sanin shi ne ainihin abin da ake gwada ki a kai.

Da hadda kawai kike nema, da a nan zan tsaya. To amma rabin tambayarki na biyu ya nuna hadda ba za ta fisshe ki ba, domin ga shi kin haddace 14 an ce 28, gobe in kin haddace 28 za a zo miki da inda 14 ce daidai.

Mu fara da mol. Mol ba nauyi ba ne, ƙidaya ce. Adadi ne guda tsayayye, 6.02 × 10²³, wanda ake kira lambar Avogadro. Duk abin da kika tara ya kai wannan adadi, kin tara mol ɗaya nasa. Shi kuwa nauyin mol, shi ne giram nawa wannan tarin zai yi idan aka ɗora shi a sikeli. Saboda haka tambayar farko a kullum ita ce: mol ɗaya na mene ne? Ɗan kasuwar da ya saro dozin ɗin silifa a kasuwar Balogun ta Legas, abu sha biyu ya biya kuɗinsu, amma in ya kwance ƙunshin zai tarar da hagu sha biyu da dama sha biyu, wari ashirin da huɗu ke nan, domin ba a sayar da silifa wari ɗaya. Wanda ya auna wari guda ya ninka sau sha biyu ya ce nauyin dozin ke nan, rabin nauyin kawai ya faɗa. Haka iskar naitirojin take. Abin da ake ƙirgawa a cikinta ba atam ba ne, molekul ne, kuma kowane molekul atam biyu ne a ɗaure. Mol ɗaya na iskar yana da molekul 6.02 × 10²³, amma atam ɗin da ke ciki ninki biyu ne, 1.204 × 10²⁴.

Me ya hana atam ɗin naitirojin zama shi kaɗai? Lambarsa a jadawali 7 ce, wato yana da furoton bakwai da ilektiron bakwai. Biyu suna zagayen ciki, biyar suna zagayen waje. Zagayen wajen kuwa takwas yake buƙata kafin ya natsu, saura uku ke nan. Idan atam biyu suka haɗu, kowanne ya kawo ilektiron uku a yi tarayya a kansu, sai kowannensu ya cika takwas. Wannan shi ne ɗauri uku da ake zanawa N≡N. Yana cikin ɗauri mafiya ƙarfi da aka sani a kemistiri: kafin a tsinka shi a mol ɗaya na iskar sai an kashe kimanin kilojul 945. Shi ya sa naitirojin ba ya kama wuta, ba ya taimaka wa wuta, ba ya saurin haɗuwa da komai. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, muna shaƙar sa muna fitar da shi yadda ya shiga. Shi ya sa kuma masara da shinkafa suke tsaye a cikinsa dare da rana amma sai an zuba musu taki, ba za su iya tsinka ɗaurin su ci ba. Wake da gyaɗa da waken suya ne suka yi dace, saboda ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙullutun saiwarsu suna yi musu wannan aikin. Manoman Arewa da ke shuka wake a tsakanin gero sun san amfanin abin tun kafin a rubuta shi a littafi.

Ba naitirojin kaɗai ke da wannan hali ba. Su bakwai ne: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂, I₂. Duk inda aka ambaci ɗayansu a matsayin sinadarin da ke zaune da kansa, sai an ninka nauyin atam biyu. Haidirojin 2, oksijin 32, kulorin 71. Amma kada ki mayar da wannan ƙa'idar kowace iska. Hiliyam da niyon da agon zagayensu na waje a cike yake, ba sa neman abokin ɗauri, nauyin mol ɗinsu shi ne na jadawali kai tsaye: 4 da 20 da 40. Ozon kuma atam uku ne, O₃, 48.

Akwai tambayar da ya kamata ki yi, ko da ba ki yi ba: tun da ba wanda ya ga molekul da ido a lokacin da aka kafa wannan ilimi, ta yaya aka san biyu ne? Amsar tana da daɗi, kuma in kika gane ta ba za ki sake rubuta 14 ba. A 1808 wani masanin Faransa, Gay-Lussac, ya nuna cewa iskoki suna haɗuwa da juna bisa awo mai sauƙi: lita 1 ta naitirojin da lita 3 na haidirojin suna ba da lita 2 na amoniya. A 1811 Amedeo Avogadro, mutumin Turin ta Italiya, ya ce idan zafi da matsi ɗaya ne, lita ɗaya ta kowace iska tana ɗauke da adadin ƙwayoyi iri ɗaya. Yanzu ki haɗa maganganun biyu. Lita ɗaya ta naitirojin ta haifi lita biyu na amoniya, ma'ana kowace ƙwaya ɗaya ta naitirojin ta haifi ƙwaya biyu na amoniya. Kowace ƙwayar amoniya kuwa dole tana da aƙalla atam ɗaya na naitirojin a cikinta. Atam ba ya rabuwa biyu a haɗin sinadarai. To ina aka samo na biyun? Babu mafita sai dai a ce ƙwayar naitirojin ɗin tun asali atam biyu ce, ta rabu kowanne ya kama gabansa.

Manyan masanan wancan zamani ba su karɓi wannan magana da wuri ba. Avogadro ya rasu a 1856 ba a kula shi sosai ba. Sai da wani ɗan ƙasarsu, Cannizzaro, ya sake bayyana ta a 1858, aka kuma raba rubutun nasa a taron masana kemistiri na Karlsruhe a Jamus a 1860, sannan aka daidaita kan bambancin atam da molekul. Ruɗanin da ya sa aka soke miki amsa, kusan shekara hamsin ya yi yana wahalar da manya.

Yanzu sai inda kika ga 14 ta zama daidai. Ba ki turo tambayar da kanta ba, amma wurare uku ne hakan ke faruwa, kuma na fi zargin na ukun.

Na farko a fili yake: idan aka ce mol ɗaya na atam ɗin naitirojin, ko aka rubuta N ba tare da ƙaramar 2 a gindinta ba, giram 14 ne.

Na biyu shi ne idan naitirojin yana cikin wani haɗin. A nan ne ɗaliban da aka taɓa soke wa 14 suke faɗawa wani sabon rami, sai su ce ai naitirojin 28 ne, su lissafa amoniya 28 + 3 = 31. Kuskure ne. A cikin NH₃ atam ɗaya ne na naitirojin, ɗaurin N≡N ya riga ya tsinke, don haka 14 + 3 = 17. HNO₃ kuma 1 + 14 + 48 = 63. NO 30 ne, NO₂ 46, N₂O 44. A NH₄NO₃ za ki samu 28 na naitirojin a cikin 80, amma ba don akwai iskar N₂ a ciki ba, sai don fomular ta nuna N sau biyu. Fomula ita ce alƙali. Abin da ta nuna shi za ki ƙirga, kada ki ƙara kada ki rage.

Na ukun shi ne densitin tururi, wanda littattafanku ke taƙaitawa V.D. Ma'anarsa: sau nawa wata iska ta fi haidirojin nauyi idan aka auna su lita ɗaya-ɗaya a zafi da matsi guda. Tun da lita ɗaya ta kowannensu adadin molekul ɗaya take ɗauke da shi, sai a raba nauyin molekul ɗin iskar da na haidirojin, wanda shi ma 2 ne ba 1 ba. Na naitirojin: 28 ÷ 2 = 14. Ga 14 ta sake fitowa, amma ta wata ƙofa daban. Ba ta da alaƙa da 14 ɗin jadawali illa dai biyun da aka ninka da shi a sama ya haɗu da biyun da aka raba da shi a ƙasa sun kashe juna. Ki gwada da CO₂ ki gani: nauyin mol 44, V.D. 22, kuma babu wani atam mai 22 a cikinta. Ɗalibin da ya ɗauka nauyin mol na naitirojin 14 ne zai ce V.D. 7 ne, kuma a tambayoyin zaɓi irin wannan amsar ce ake ajiyewa a cikin zaɓin don ta kama mai gaggawa.

Sai maganar raka'a, wato ma'aunin da ake rubutawa bayan lamba, wadda ɗalibai ke rainawa. Idan aka tambayi nauyin molekul na gwadawa, wato Mr, amsar 28 ce zalla, ba a sa mata komai, domin kwatance ne da kashi ɗaya cikin sha biyu na nauyin atam ɗin kabon-12. Idan aka tambayi nauyin mol, sai an rubuta 28 g/mol ko g mol⁻¹. Lamba ɗaya ce, abu biyu ne. A fizis kuma, inda ake aiki da kilogiram, 0.028 kg/mol za ki sa, in ba haka ba amsarki za ta kauce nesa.

Da zarar kin riƙe 28, sauran lissafin ajinku duk a kanta suke ratayawa. A ce an ba ki giram 7 na iskar naitirojin. Ki tuna a s.t.p., wato zafin 0°C da matsin 760 mmHg, mol ɗaya na iska yana cika 22.4 dm³, kuma dm³ ɗaya lita ɗaya ce.

Adadin mol = 7 ÷ 28 = 0.25 mol
Wurin da za ta cika a s.t.p. = 0.25 × 22.4 = 5.6 dm³
Adadin molekul = 0.25 × 6.02 × 10²³ = 1.505 × 10²³
Adadin atam = 2 × 1.505 × 10²³ = 3.01 × 10²³

Wanda ya fara da 14 zai samu 0.5 mol da 11.2 dm³, layuka ukun farko duk sun ninka. Abin mamakin shi ne lambar da zai kira adadin molekul, 3.01 × 10²³, ita ce daidai adadin atam. Wannan ya sa wasu ɗalibai ke cin tambaya ɗaya bisa sa'a su fita da tabbacin hanyarsu daidai ce.

Duk abin da na faɗa zuwa nan daga jadawali muka ɗauko. To amma 28 ɗin ana iya auna ta, ba sai an yarda da littafi ba, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancanta ki ba shi lokaci. A s.t.p., wato zafin 0°C ko 273 K da matsin 101,325 Pa wanda ake kuma rubutawa 760 mmHg, mol ɗaya na iska yana cika 22.4 dm³. Lita ɗaya ta naitirojin a wannan yanayi giram 1.25 ce. Ki ninka: 1.25 × 22.4 = 28. Da a ce iskar atam ɗai-ɗai ce, da sikeli 0.625 zai nuna. Sikeli ba ya nuna haka.

Sai dai Legas ba ta taɓa zama a 0°C ba. Ɗakin gwajin da ke Agege ko Idi-Araba da rana yakan kai 30°C, kuma iska tana buɗewa da zafi. A wannan zafin mol ɗaya ba 22.4 yake cikawa ba, kusan 24.9 dm³ ne, lita ɗaya ta naitirojin kuma ta koma kimanin giram 1.13. Wanda ya haura Jos, inda tudu ya rage matsin iska, zai sake samun wata lambar. Densiti yana canjawa da wuri da yanayi. Nauyin mol ba ya canjawa, 28 ne a Apapa, 28 ne a Jos. Saboda haka idan aka ba ki awon da ba a s.t.p. aka yi ba, kada ki taɓa 22.4 sai kin gyara. Ga misali: kwalba mai cin 500 cm³ an cika ta da wata iska a 30°C da matsin 101,000 Pa, nauyin iskar ya zama giram 0.56. Mene ne nauyin mol ɗinta?

PV = nRT, inda P matsi ne, V wurin da iskar ta cika, n adadin mol, T zafi a K, R kuma 8.314
V = 500 cm³ = 0.0005 m³
T = 30 + 273 = 303 K
n = 101,000 × 0.0005 ÷ (8.314 × 303) = 50.5 ÷ 2519 = 0.0200 mol
Nauyin mol = 0.56 ÷ 0.0200 = 28 g/mol

Idan kin fi sabawa da ɗayar hanyar, ki mayar da 500 cm³ ɗin zuwa s.t.p. da P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂, za ki samu kimanin 449 cm³, ki raba 0.449 da 22.4, ki dawo kan 0.0200 ɗin dai. Wanda ya raba 0.5 da 22.4 kai tsaye zai ƙare da 25, lambar da ba ta kowace iska da kuka karanta ba ce. Wanda kuma ya manta ya ƙara 273 ya sa 30 a wurin T, zai samu 2.8. Wannan na biyun ya fi haɗari a wurinmu, domin 303 kusan ninki goma ne na 30, sai amsar ta fito da kamannin ta gaskiya, ɗalibi ya zaci ɗigo kawai ya goce masa, ya gyara ɗigon bai gyara fahimtarsa ba. Ranar da aka ba shi 25°C ko 50°C asirinsa zai tonu.

Ki lura ban ce iskar da ke cikin kwalbar lalle naitirojin ce ba. Ashirin da takwas ba ta naitirojin kaɗai ba ce. Kabon monoksaid, CO, 12 + 16 = 28. Etin, C₂H₄, 24 + 4 = 28. Shi ya sa idan aka tambayi wace iska ce ke bazuwa da sauri ɗaya da naitirojin bisa dokar Graham, amsar CO ce ko C₂H₄, domin saurin bazuwa a nauyin mol yake rataye. Haidirojin kuwa ya fi naitirojin saurin bazuwa da √(28 ÷ 2), kusan sau 3.7.

Wannan awo na lita ɗaya ya taɓa tono wani abu da ba wanda ya san da shi. A 1892 Lord Rayleigh na Ingila yana auna densitin naitirojin da matuƙar taka-tsantsan. Ya samo iskar ta hanya biyu, irin waɗanda ke cikin manhajarku. Ɗaya daga iskar sarari, bayan an cire mata tururin ruwa da CO₂, aka bi da ita ta kan jan ƙarfe mai zafi ya shanye oksijin. Ɗayar kuma daga sinadarai irin su amoniya. Ta sararin ta ba shi kimanin giram 1.257 a lita, ta sinadaran ta ba shi kimanin 1.250. Bambancin kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari biyu kacal, abin da mutane da yawa za su ɗora wa sikeli laifi su wuce. Shi bai wuce ba. Shi da William Ramsay suka bi sawun wannan ɗan bambanci har suka gano a 1894 cewa akwai wata iska mai nauyi da ke ɓoye a cikin naitirojin ɗin sarari, wadda ba ta haɗuwa da komai, shi ya sa jan ƙarfen bai kama ta ba. Ita ce agon, mai nauyin mol 40, wadda ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya. Dukansu biyu sun samu kyautar Nobel a 1904. Ki ninka kowanne daga cikin awon nan biyu, 1.250 da 1.257, da 22.4 da kanki: ɗaya 28.0, ɗaya kusan 28.2. Idan aka tambaye ki me ya sa naitirojin da aka samo daga iskar sarari ya fi wanda aka samo daga dumama NH₄NO₂ nauyi, amsar ke nan, kuma tambaya ce da ake yawan yi.

Ita kuma 0.007 da ke bayan 14, ga asalinta a taƙaice. Naitirojin iri biyu ne a halitta: mai nutiron bakwai, N-14, wanda ya kai kimanin kashi 99.6 cikin ɗari, da mai nutiron takwas, N-15, kimanin kashi 0.4. Lambar jadawali matsakaicinsu ce bisa yawan kowanne. Da yake na farkon ya mamaye kusan komai, matsakaicin bai yi nisa da 14 ba. Kulorin ne abin ya fito fili a kansa, inda aka samu 35.5.

Da 28 ɗin nan kuma ake gane nauyin iskar da muke ciki. Kashi 78 naitirojin, 21 oksijin, kusan 1 agon:

0.78 × 28 + 0.21 × 32 + 0.01 × 40 = 21.84 + 6.72 + 0.40 = 28.96

Kusan 29 ke nan. Duk iskar da nauyin mol ɗinta ya haura 29 sosai ƙasa take nema, wadda ta gaza sosai kuma sama take yi. Gas ɗin girki furofen ne mai 44 da butan mai 58, shi ya sa in tukunya ta yi yoyo yake kwantawa a ƙasan kicin, ba ya tashi ya fita ta tagar sama da kansa, sai an buɗe ƙofa. CO na hayaƙin janareta kuwa 28 ne, kusan daidai da iskar ɗaki, yana gauraya da ita ko'ina, ba launi ba wari. A gari irin Legas inda ake kwana da janareta a baranda ko a lungun gida, wannan lissafi ba na jarabawa kaɗai ba ne. Ki faɗa wa mutanen gida a nisanta shi da taga da ƙofar ɗakin kwana.

Babban wurin da ake aiki da nauyin mol na naitirojin a duniya shi ne masana'antar taki. Hanyar da Fritz Haber ya gwada a 1909, wadda Carl Bosch ya mayar ta zama masana'anta a Jamus a 1913, ita ce ta tsinka ɗaurin nan uku da zafi da matsi mai yawa:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Giram 28 na naitirojin da giram 6 na haidirojin suna ba da giram 34 na amoniya. Ga wata hanyar kama kuskure kyauta: nauyin hagu dole ya yi daidai da na dama. 28 + 6 = 34, ya yi. Da kin sa 14, sai ki samu 20 a hagu da 34 a dama, nan take kin san akwai matsala tun kafin ki miƙa takarda. Daga amoniyar ake yin yuriya, CO(NH₂)₂, irin wadda masana'antar takin Dangote da ke Ibeju-Lekki, da aka buɗe a 2022, take yi. Nauyin mol ɗinta 12 + 16 + 28 + 4 = 60. Kason naitirojin a ciki 28 ÷ 60, wato kashi 46.7 cikin ɗari, kuma wannan ne asalin lambar 46 da ake bugawa a jikin buhun. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kimanin kilo 23. Ki raba giram 23,000 da 28 ki samu mol 821 na N₂, wanda a s.t.p. zai cika kimanin lita 18,400. Duk wannan iskar daga sarari aka zuƙo ta aka dunƙule a buhu ɗaya da ake lodawa a tirela zuwa Kano ko Funtuwa.

A takardar rubutu, ki saba da rubuta fomular abin da ake tambaya a layin farko kafin ki taɓa kowace lamba, sannan ki jera matakanki da raka'o'insu yadda mai dubawa zai bi su. Ga ɗaya ki gwada a daren nan. Wasu jakunkunan iska na mota suna kumbura ne da naitirojin da ke fitowa daga sinadarin NaN₃, bisa 2NaN₃ → 2Na + 3N₂. An ba ki Na = 23, N = 14. Idan giram 130 na NaN₃ ya tarwatse, giram nawa na iskar naitirojin zai fito, kuma lita nawa za ta cika a s.t.p.? A cikin tambaya ɗaya za ki yi amfani da 14 sau uku don samun 65 na NaN₃, sannan ki yi amfani da 28 don iskar. In kin bi daidai za ki samu mol 2 na NaN₃, mol 3 na N₂, giram 84, da 67.2 dm³. Ki haɗa 84 ɗin da 46 na sodiyam ki ga ko sun mayar miki da 130.